Taga a Gindin Ganga

Zuwa ga 'Yar Kafinta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da wanda kike ɗauke da shi. Yaya nauyin jiki, yaya kumburin ƙafar? Ina fata ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau ni da Baba, sai kewa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direban tifa. A bakin kogin nan waya ba ta kamawa sai an hau tudu, kuma ɗaki ɗaya aka ba mu ni da mahaifinki, inda duk na nufa yana gabana ko yana bayana. Wa zai ce wa matarsa yana kewarta alhali surukinsa na tsaye yana gyara hula? Direban yana bi ta bayan layinmu in zai ɗauko tsakuwa, na kuwa saye shi da shayi.

Kin ce in ba ki labarin aikin. Ke 'yar kafinta ce, ba sai na ja zance ba. Gada ake yi, mu namu shi ne akwatin da ake zuba kankaren ginshiƙi a ciki. Masu rodi su ɗaure ƙarafunansu a tsaye, mu zo mu kewaye su da akwati, a zuba, ya daskare, mu ɓalle mu matsa gaba. Da katako muka saba, yadda Baba ya koya mini. To amma ginshiƙan nan zagayayyu ne, ga tsawo ya kai na bene. Shi ya sa Manaja ya ɗauki Baba a mota zuwa wurin masu ba da hayar akwatin ƙarfe, ya ce tunda shi ne shugaban kafintoci, ya zaɓa. Baba ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya auna faɗi da kauri, ya shafa ciki ya ji santsi, ya zaɓi wanda muke ce wa ganga. Ɓari biyu ce, a haɗa a ɗaure da noti. Kaya mai kyau, wallahi, ginshiƙi yakan fito sumul.

Abu ɗaya ya kuɓuce masa. Kin tuna 'yar tagar da yake bari a gindin kowane akwatin katako, wadda kika ce kuna leƙawa ta ciki kuna yara? Ta nan ake share datti kafin a zuba. Mutumin da ya yi furfura yana yanka tagar nan da hannunsa bai taɓa kawo wa ransa za a ƙera akwati babu ita ba, shi ya sa bai ma duba ba. Ganga ba ta da taga. In muka rufe ta sai ta yi kwanaki tana jiran motar kankare, iska ta zuba ganye da yashi, guntayen waya su faɗa, ruwa ya kwanta a ƙasa. Injiniya kuwa in ya haska tocila ta sama ya ga ko ɗan taɓo, ba zai yarda a zuba ba, kuma gaskiyarsa, ginshiƙi ba ya zama a kan datti. Kayan haya ne, sharaɗinsu ba yanka ba huda. Hanya ɗaya ta rage, a zura mutum ta sama da igiya, ta tsakanin rodi.

Ranar farko kowa ya kalli kowa. Birkilanmu da muke ce wa Tulu, ko cinyarsa ɗaya ba za ta shiga ba. Sai na ga Baba yana cire hula, yana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban san sanda na riga shi ɗaura igiyar a ƙugu ba. Ramar nan da kike yi mini dariya a kanta, yau ga ranarta, duk wurin nan ba mai iya shiga sai ni da shi.

Kada ki gaya wa Inna. Alkawarina yana nan, kafin ki sauka zan zo, ni zan kai ki asibiti da kaina.

Mijinki,
Sillen Kara

'Yar Kafinta tawa,

Ina gaishe ki gaisuwar mai ɗoki, da fatan kin tashi lafiya. Ki gaida Inna, ki gaida maƙwabciyarmu mai ɗinki, ki ce na gode da ɗebo miki ruwa da take yi. Amsarki ta iso, na karanta ta a bayan tarin katako har takardar ta yi laushi. Na ji daɗi da asibiti suka ce komai daidai.

Kin tambaye ni yadda cikin ganga yake. Na so in ce miki ba komai, amma kin san ƙaryata tun daga rubutu. Cikinta shafe yake da baƙin mai don kada kankare ya manne, rana ta gasa ƙarfen, warin ya cika wurin. Sai na ɗaga hannuwa sama kafin kafaɗa ta wuce, bakin wayoyin da aka ɗaure rodi da su suna ta yakushina har ƙasa. A can ƙasa ba halin tsugunawa. Da yatsun ƙafa nake tara dattin, in ɗan karkace in kwasa da gwangwani in zuba a ɗan bokiti, a ja. In na ɗaga kai sama ba ta fi faifai ba, a gefenta kuma kan Baba. Shi ke riƙe igiya, ba ya yarda kowa ya taɓa ta. In wani ya jingina guduma a jikin gangar daga waje, har a haƙorana nake jin ƙarar.

Da farko waƙa nake yi a ciki, Tulu yana amsa mini daga waje. Yanzu na daina. Tun da asuba in na tuna yau akwai shiga, sai in ture kofin shayi gefe. Ni da nake hawa rufin bene ina fito, ashe tsorona a ƙasa yake jirana.

Bari in ba ki dariya. Na yi wata dabara, na ce tunda rama ce ta jawo mini, bari in yi ƙiba. Na shiga cin burodi da wake kamar mai ramuwar gayya, har mai abincinmu ta fara ɓoye tukunya in ta hango ni. Tulu ya zama malamina, yana cewa in ci in kwanta kada in motsa. Dabarar kuwa ta fara aiki, wandona ya matse, rannan da zan shiga sai ƙuguna ya ɗan tsaya a tsakanin rodi kafin ya wuce. Ina can ƙasa ina murna, sai na jiyo muryar Baba a sama yana gaya wa Manaja cewa yaron nan ya fara cika, ganga ta gaba shi zai shiga. Kin san tarin nan nasa da ba ya rabuwa da shi tun bara. Mutumin da in ya hau tsani sai ya tsaya a tsakiya ya huta, shi zai shiga cikin warin man nan? Daga ranar na koma rabin kwano. Mai abinci tana tsammanin fushi nake da ita.

Na je wurin Manaja na nemi izinin zuwa gida. Mutumin ba mugu ba ne, har addu'a ya yi miki. Ya ce in tafi duk ranar da na so, shi dai damina na tafe, dole ginshiƙan cikin kogi su tashi kafin ruwa ya sauko, kuma dole wani ya riƙa shiga. Yana faɗa yana duban inda Baba ke goge noti. Gaba kura, baya sayaki. In na zo wurinki na zura mahaifinki a rami, in na tsare shi na bar ki ke kaɗai da Inna mai ciwon gwiwa.

Ki yi mini addu'a, ki kuma rage hawa kujera don sauko da kaya, na san halinki.

Naki,
Sillen Kara

Zuwa ga matata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya barci? Kin ce yana harbinki da ƙafa har numfashinki ya ɗauke. Ki ce masa ya yi haƙuri, ubansa ya san zafin zama a wuri mai ƙunci.

Na ga faɗan da kika yi mini, na kuma karɓa. Amma maganar da kika yi cewa za ki rubuta wa Baba, don girman Allah ki bar ta. Bai san lokacinki ya matso haka ba, ni na ce masa da saura. Mutumin nan tun ranar da aka gane ganga ba taga bai ƙara cin abinci a cikin mutane ba. Shi da ake zuwa daga nesa neman shawararsa kan akwati, yau masu rodi in sun gan shi sai su yi shiru. In ya ji zaɓinsa ne ya hana ni zuwa wurin 'yarsa, gobe zai ɗaura igiya, kuma ba ni da bakin hana shi.

Kada ki zaci zaune nake. Mun ɗaura maganaɗisu a doguwar gora, ya kwaso waya ya bar taɓo. Mun hura iska da inji, dattin ya tashi ya zagaya ya koma inda yake, tunda ba ƙofar fita. Mun rufe bakin gangar da leda, iska ta yage ta, ruwa kuma ta ƙasa yake tsattsafowa. Na aika Mai Walda, abokin Baba, ya je masa da shawarar mu yi gindin da katako mai taga, mu ɗora ganga a kai. Baba ya ce a'a, a gindi kankare ke da ƙarfinsa, a wannan tsawon katako zai fashe ya kwashe ƙafafun mutane. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ba ni haushi. Injiniya da kansa ya roƙi masu hayar su bari a yanka taga, suka ce ko ƙusa ta karce musu kaya ba za su yarda ba.

Akwai abin da ya faru shekaranjiya, gara ki ji daga bakina. Na gama sharewa, na girgiza igiya a ja ni. Na kai tsakiya sai wata waya ta kama bayan rigata. A ja sama ta shaƙe ni, a saki ƙasa ta riƙe ni, hannuwana kuma a sama, ba halin in kai su baya. Rana tsaka ce, ƙarfen ba ya taɓuwa. Na yi ta ce wa kaina in natsu, har na ji iska ta ƙare. Ban san na yi ihu ba sai da na ji muryata tana dawo mini, kuma sunanki nake kira, sunanki na yanka, a kunnen mahaifinki. Rigar ce ta yi mini rai ta yage. Da aka fito da ni na kwanta a kan katakon dandamali. Tulu ya cire hular kwanonsa yana yi mini fifita.

Tafin hannun Baba duk ya saɓule da igiya. Tun ranar ba mu haɗa ido ba. A ɗaki yana juya fuska bango, ni ma ina juyawa nawa bangon, ɗakin da ko tabarma uku ba zai ɗauka ba. Jiya na tarar ya ɗinke mini rigar ya ninke ta a kan matashina. Ɗinkin kafinta ne, karkatacce, amma ba zai sake yagewa ba, kuma ban san ko in yi murna da hakan ba.

Saura ginshiƙan tsakiyar kogi. In motar kankare ta daina yi mana latti, wataƙila in riski lokacinki. Wataƙila na ce, don na gaji da yi miki alkawari da baki mai ƙarfi.

Mijinki mai kewarki,
Sillen Kara

'Yar Kafinta, mai taurin kai,

Ina gaishe ki da murna, ina fata kina lafiya ke da Inna. Na roƙe ki da girman Allah kada ki rubuta masa, kika rubuta. A gabana direban tifa ya miƙa masa takardar, ya kuma kauce wa idona, munafuki, bayan duk shayin da ya sha. Na yi fushi da ke na yini guda. Yanzu kuwa da kina kusa da na durƙusa na gode miki.

Ga yadda aka yi. Baba ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Washegari da safe ya aike ni sito wai in zaɓo noti masu kyau, ya ce in duba su ɗaya bayan ɗaya kada in yi gaggawa. Ina dawowa na hango Tulu da Mai Walda a kan dandamali riƙe da igiya, ba Baba. Na watsar da notin na hau a guje. Ina leƙawa na ga farar sumarsa can ƙasa, tarinsa yana ta amsa kuwwa a cikin ƙarfen. Ban san irin maganar da na gaya wa Tulu ba, dole in nemi gafararsa. Muka jawo shi a hankali, ya fito baƙi ƙirin da mai, leɓensa ya yi fari, bokitin ma bai iya cikawa ba. Ya daɗe a zaune yana neman numfashi. Da ya samu, bai dube ni ba, Mai Walda ya duba, ya ce ashe nan yake ta zura ɗan mutane.

Daga nan ya sauka, ya wanke fuska, ya sa hularsa. Ya karɓi alli ya durƙusa a gindin gangar ya zana murabba'i, daidai girman wanda yake yi a katako. Ya ce Mai Walda ya ba shi injin yankan ƙarfe. Mai Walda ya ce ya bari shi ya yanka, aikinsa ne, Baba ya ƙi, ya ce hannun da ya zaɓa shi zai yanka, kuma kowa ya shaida shi kaɗai ya yi. Aiki ya tsaya cak, har masu rodi suka sauko suna kallo. Tartsatsi na tashi, shi ko gezau. Da guntun ƙarfen ya faɗi, baƙin ruwa da ganye suka biyo shi waje. Wallahi sai da na juya baya na goge ido.

Mai Walda ya yi wa tagar murfi da ƙarfe mai kauri, ya kewaye shi da noti. Jiya aka zuba. Kin san a gindi ake jin tsoro, don haka kowa ya ja baya, Baba kuwa ya ɗauko bulo ya zauna dab da tagar, tafinsa a kan murfin, har aka cika ganga. Ko ɗigo bai fito ba. Injiniya ya zo ya duba ya yi dariya, ya ce abin da ya nema a takarda ya rasa, ga shi an ba shi kyauta. Yau an yanka wa sauran gangunan taga, da hannu na zura tsintsiya na share ɗaya ina tsugune a waje, iska tana kaɗa ni.

Yanzu ba wanda zai shiga, don haka ba abin da ya riƙe ni. Baba da kansa ya ce, yana kallon bango, in haɗa kayana in bi tifar ƙarshen mako. Ki ce wa Inna ta huta, ɗan aikenta na tafe. Na saya miki lemo a bakin hanya, in Tulu bai gano inda na ɓoye shi ba.

Sai kin gan ni,
Sillen Kara

Matata,

Ina gaishe ki, ina fata wannan ta same ki lafiya. Wanda ya miƙo miki ita ba direba ba ne, kin gani da idonki. Ki karɓi jakarsa, ki ba shi ruwa, kada ki tambaye shi komai sai ya huta.

Masu hayar sun aiko mutuminsu ya ga tagogin. Suka ce ko dai a sallami wanda ya yanka, ko su kwashe gangunansu a tsakiyar aiki. Manaja ya kira Baba ofis. Mai Walda ya bi shi zai ce tare suka yi, Baba ya tare shi a bakin ƙofa ya mayar da shi. Aka sallami Baba, bai yi gardama ba, abu ɗaya ya roƙa, a bar ni in tafi gida kamar yadda aka shirya. Manaja ya ce da shugaban kafintoci yana nan da ba matsala, amma yanzu ba wanda ya san ɗaurin gangar nan da saitinta sai ni, ga hadari ya fara haɗuwa. Ya ce ni ne shugaba daga yau, in kuma na tafi sai ya ɗauko wasu kafintocin da shugabansu, kada in dawo.

Na yi niyyar in ce ya ɗauko. Har na buɗe baki, sai na tuna gidanmu da gidan Inna duk a aikin nan suke ci, a da hannu biyu ne ke nema, yanzu saura ɗaya, ga kuma sabon baki yana tafe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na karɓi allin da ma'aunin.

Kada ki ga laifin kanki, kada kuma ki ga nasa. Ya sayar da sunan da ya yi shekaru yana tarawa don in zo wurinki, ciniki bai faɗa ba, kuma wannan ya fi korar yi masa ciwo. Da yake haɗa kaya ya bar mini gudumarsa a kan tabarma. Ki sa a kai shi asibiti a duba tarin nan, in ya ƙi ki ce ke ce kike buƙatar rakiya. Ranar da abin ya taso shi zai kai ki, ya san hanya, shi ya kai Inna ranar da aka haife ki. In kin sauka lafiya, a fara miƙa masa jaririn kafin kowa. Ki auna mini tafin ƙafar jaririn da zare ki ba direba, na yafe masa.

Lemon yana cikin jakar Baba, Tulu ya ci biyu ya ce ki yafe. Ɗakin nan ya yi mini faɗi, har yanzu bango nake juya wa fuska. Mai abinci ta ji labari, yau ta cika mini kwano har yana zuba, ta ce yanzu ai sai in yi ƙibata ba mai hana ni. Ga shi nan a gabana ya huce, na kasa kai loma ɗaya.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki,
Sillen Kara